Yadda Ake Faɗa Wa Babba Gaskiya a Wurin Aiki

Kowace shekara idan ɗaliban ajin ƙarshe za su bar mu, akan cika musu kunne da gargaɗi: ku yi ladabi, ku yi biyayya, ku girmama na gaba da ku, kada ku zubar da sunan makaranta. Duk wannan daidai ne, ba mu da ja a kai. Amma akwai abu guda da ba a cika faɗa musu ba, kuma a ganinmu shi ne zai fara gwada su tun watannin farko da suka kama aiki, ko a ofis ne, ko asibiti, ko banki, ko gareji. Abin kuwa shi ne, yaya ƙaramin ma'aikaci zai gaya wa shugabansa cewa akwai kuskure, har shugaban ya ji, ya gane, ya kuma yi wani abu a kai tun ba a yi ɓarna ba?

Yawancinmu mun tashi a gidajen da yaro ba ya kallon babba ido cikin ido. In babba yana magana ba a katse shi. In kuwa ya zama dole a gyara masa, sai a yi kewaye-kewaye, a kawo misali, a yi kamar tambaya ake yi, don kada ya ji kunya. A gida wannan tarbiyya ce mai kyau, ita ce ma ke riƙe da zumunci. Sai dai wurin aiki yana da lokutan da ba su ba da damar kewaye ba. Maganar da za a yi kwana uku ana lallaɓa ta a tsakar gida, a wani wurin daƙiƙa goma kawai ake da su.

Babu inda aka yi nazarin wannan matsala kamar harkar jiragen sama, domin a can akwai na'urar da ke naɗar duk maganar da matuƙa suka yi a ɗakin tuƙi. Idan hatsari ya faru sai masu bincike su zauna su saurara, kalma bayan kalma. Saboda haka muna roƙon mai karatu ya bi mu zuwa wani tsibiri na ƙasar Sifen mai suna Tenerife, wanda ke cikin teku daura da gaɓar Maroko.

Ran 27 ga Maris 1977 bam ya tashi a filin jirgin saman tsibirin Gran Canaria da ke maƙwabtaka, sai aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos a Tenerife. Cikinsu akwai manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Filin ya cika maƙil, har ya zama dole jiragen su bi ta kan titin tashi kafin su kai wurin da za su juya. Ana cikin haka hazo ya sauko. Matuƙan jiragen biyu ba sa ganin juna, masu ba da izini a hasumiya su ma ba sa ganinsu, filin kuma ba shi da na'urar da ke nuna jirage a ƙasa. Abin da ya rage musu duka shi ne magana ta rediyo.

Kyaftin ɗin jirgin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, hotonsa ma yana cikin tallan kamfanin. Mataimakin da ke zaune a gefensa, shi kyaftin ɗin ne ya gwada shi ya amince masa ya tuƙa 747 'yan watanni kafin ranar. Wato malami ne da ɗalibinsa. Ga shi kuma kyaftin yana sauri, domin dokar ƙasarsu ta ƙayyade awoyin da matuƙi zai yi a bakin aiki, in suka wuce sai dai kowa ya kwana a tsibirin.

Da jirgin ya juya ya fuskanci titi, kyaftin ya fara ba injin wuta. Mataimakin ya yi abin da ya kamata, ya ce masa a dakata, ba su sami izini ba tukuna. Kyaftin ya ce ya sani, a tambaya. Hasumiya ta ba su bayanin hanyar da za su bi bayan sun tashi, wanda ba shi ne izinin tashi ba. Mataimakin ya maimaita bayanin, ya ƙare da wata jimla mai harshen damo, wadda za a iya ɗauka "muna wurin tashi" ko kuma "muna tashi". Mai hasumiya ya ɗauka ta farkon ake nufi, ya ce "OK", sa'an nan ya ƙara da cewa su jira zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am suka shiga rediyo suna cewa su har yanzu suna kan titi. Maganganun biyu suka haɗu suka zama ƙara, abin da ya fito sarai a kunnen matuƙan KLM shi ne "OK" ɗin nan kaɗai.

Duk da haka akwai sauran dama guda. Jirgin yana gudu, injiniyan da ke zaune a bayan matuƙa ya ji Pan Am na cewa za su sanar idan sun sauka daga titi. Ya gane abin da hakan ke nufi. Amma bai ce a tsaya ba. Tambaya ya yi, ko jirgin Pan Am bai fita ba tukuna? Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ai ya fita. Ba wanda ya ƙara cewa uffan. Bayan 'yan daƙiƙoƙi jiragen suka yi karo. Mutum 583 suka rasu, dukan 248 da ke cikin KLM da 335 daga Pan Am. Mutum 61 kawai suka tsira. Har yau babu hatsarin jirgin sama da ya kai wannan yawan rayuka, kuma babu injin da ya lalace a jiragen biyu kafin karon.

Mun daɗe a kan wannan labari ne domin duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani zai gane halin da injiniyan nan ya shiga. Ya ga gaskiya. Ya faɗe ta. Amma ya lulluɓe ta da tambaya, irin yadda mukan yi wa manya, tambaya kuwa ana iya kashe ta da amsa guda. Ga shi kuma an riga an gyara wa kyaftin sau ɗaya a cikin minti biyu da suka wuce, wa zai so ya zama na biyu? Waɗannan Turawan Holan ne, mutanen da aka san su da faɗin magana kai tsaye. In har girman shugaba ya ɗaure musu baki, to, mu da aka rene mu da tsugunawa sai mu ƙara lura.

Wani abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne "OK" ɗin nan, domin muna da ɗan'uwansa a Hausa, wato "to". Shugaba ya ba da umarni, ma'aikaci ya ce "to". Me ya ce ke nan? Wataƙila yana nufin na ji. Wataƙila na yarda, ko zan yi, ko ban gane ba amma ina jin nauyin sake tambaya, ko ma ka ƙyale ni in tafi. Shugaba ya tafi da fassara ɗaya, ma'aikaci ya tafi da wata, sai ranar da ake neman aikin a tarar kowa yana rantsuwa, kuma kowa gaskiya yake faɗi. Bayan Tenerife an tsaurara ƙa'idar magana a rediyon jirage. Kalmar Turanci da ke nufin tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Muhimmin umarni kuma dole wanda aka ba ya maimaita shi da bakinsa, mai bayarwa ya saurara ya tabbatar. Wannan dabara ba ta bukatar jirgi. Idan aka ce maka ka kai takardun albashi ofishin akawu, maimakon "to" ka ce, "Yallaɓai, takardun albashin watan Yuni, in kai wa akawu kafin ƙarfe biyu na yau, haka ne?" Ba ka yi rashin kunya ba, ka kuma ba shi damar cewa a'a, na Mayu nake nufi.

A Janairun 1990 an sake ganin irin wannan a Amurka. Jirgin kamfanin Avianca na ƙasar Kolombiya ya yi fiye da awa guda yana shawagi yana jiran izinin sauka a birnin Niyok, mai yana ƙarewa. Kyaftin ya ce wa mataimakinsa ya sanar da masu kula da zirga-zirga cewa suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya gaya musu mai yana ƙarewa, amma cikin ladabi da sanyin murya, bai furta kalmar da doka ta tanada ba, wadda da ya faɗe ta da an kau da kowa an ba su hanya. Masu saurare suka ɗauka abin bai kai haka ba. Injina suka mutu, jirgin ya faɗi, mutum 73 daga cikin 158 suka rasu. Babban abu ne aka faɗa da ƙaramar kalma.

To, yaya ake faɗa? Abin da kamfanonin jirage suka shiga koya wa ma'aikatansu, tun daga United Airlines da ya fara irin wannan horo a 1981, ba tsaurin ido ba ne. Ana fara kiran mutum da sunansa ko muƙaminsa don hankalinsa ya dawo. Sai ka ce kana da damuwa, ka faɗi abin da ka gani da idonka, da lamba in akwai lamba, ka kawo shawarar abin da za a yi, sa'an nan ka nemi amsa, kada ka bar maganar a rataye. Mu ɗauki nas da ta ga likita ya rubuta wa majiyyaci maganin da jikinsa ba ya karɓa. Tana iya cewa, "Likita, ko wannan maganin ne kuwa?" Likita yana sauri zai ce i, shi ne, ya wuce. Tana kuma iya cewa, "Likita, ina da damuwa game da mai gado na shida. An rubuta masa fenisilin, katinsa kuwa ya nuna fenisilin na tayar masa da ƙaiƙayi da kumburi. Ina ganin a dakata da allurar har ka duba katin. Ka yarda?" Ladabi yana nan cikin ta biyun, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce ya yi kuskure ba. Amma yanzu likita ba zai iya wucewa ba tare da ya yanke shawara ba.

Wani zai ce wannan duk maganar ceton rai ce, ina ruwanta da ƙarin girma? Ba za mu yaudare ku ba, akwai wuraren da wa ka sani ya fi me ka iya tasiri. Amma ko a irin waɗannan wurare, kowane shugaba yana da mutum ɗaya ko biyu da in abu ya rikice su yake kira, kuma in ka duba za ka tarar mutanen da in sun yi bayani ba sai an sake tambaya ba ne. Shugaba yana zaune a ofis, ba ya ganin sito, ba ya ganin kanta, ba ya ganin aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin da ya zo ran Litinin ya ce, "Aikin nan ba zai ƙare ran Juma'a ba, siminti buhu arba'in ya rage, muna bukatar saba'in," ya ba shugabansa kwana huɗu na neman mafita. Wanda ya yi ta cewa "ana kan yi" har ran Juma'a da yamma ya bar shugabansa da kunya a gaban nasa shugaban. Idan lokacin ba da amana ya zo, shugaba ba ya manta wanda ya yi masa ɗaya daga cikin biyun nan. Mummunan labari da aka kawo da wuri ya fi daɗin ji a kan wanda aka gano daga baya.

A nan muna da ɗan ƙorafi game da ƙungiyoyin muhawara na makarantu, ko da yake muna ƙaunarsu. Sau da yawa wanda ya fi jefa manyan kalmomin Turanci shi ke samun tafi, ko da ba wanda ya gane abin da ya faɗa. Ɗalibi ya fita da tunanin cewa iya magana shi ne burge mutane. A wurin aiki kuwa ba a tafa wa kowa. Darasin da ɗalibai suka fi rainawa a ajin Turanci, wato taƙaita dogon rubutu cikin jimla biyar ko shida, shi ne wanda za su fi amfani da shi. Rahoton da aka kai wa manaja, in bai ga abin da ake so ya yi a layuka uku na farko ba, zai ajiye shi ya ɗauki wani. Haka ma saƙon waya. Muryar minti shida da aka naɗa a WhatsApp, wadda minti biyun farko gaisuwa ce, ba a iya komawa a nemo lamba ko kwanan wata a cikinta. A gaisa, wannan dole ne, amma abin da ya shafi kuɗi ko lokaci ko adadi a rubuta shi.

Har zuwa nan da ƙanana muke magana, alhali mafi girman nauyin yana kan manya. A Tenerife mataimaki ya yi magana, injiniya ma ya yi, wanda bai saurara ba shi ne kyaftin. Shekara goma sha biyu bayan haka, a Yulin 1989, injin wani jirgin United ƙirar DC-10 ya fashe a sama ya tsinke dukan hanyoyin da ake sarrafa jirgin da su. Kyaftin Al Haynes bai yi kamar ya san mafita ba, domin babu littafin da ya tanadi irin wannan hali. Ya nemi ra'ayin mataimakinsa da injiniyansa. Da aka ce masa akwai wani mai horar da matuƙa a cikin fasinjoji da ke son taimakawa, sai ya ce a shigo da shi, ya kuma bar masa sarrafa wutar injina biyun da suka rage. Da haka suka lallaɓa jirgin har filin Sioux City. Ya tarwatse wajen sauka, amma mutum 184 daga cikin 296 suka rayu. Haynes ya yi shekaru yana gaya wa jama'a cewa da ba don horon nan na sauraren juna ba, da ba su kai ko'ina ba. Ba mu ga inda girmansa ya ragu don ya tambaya ba.

Asibitoci sun ari wannan darasi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar dubawa mai abubuwa 19 da ma'aikatan ɗakin tiyata za su bi da baki. Ɗaya daga ciki kamar wasa ne: kafin a taɓa majiyyaci, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Hikimar ita ce, wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya a gaban babban likita zai fi samun sauƙin buɗewa karo na biyu in ya ga an manta wani abu. An gwada takardar a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin da kan biyo bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7. Amma da aka tilasta wa asibitocin lardin Ontario na Kanada amfani da irin wannan takarda, binciken da aka buga a 2014 a kan asibitoci 101 bai ga wani canji na a zo a gani ba. Mu dai abin da muka fahimta shi ne takarda ba ta buɗe bakin kowa. In shugaba ya ɗaure fuska, za a cika takardar a sa hannu, a kuma ci gaba da yin shiru.

Saboda haka firifet da malami da shugaban sashe da dattijon kwamiti, kowa ya lura da abin da yake yi a karon farko da na ƙasa da shi ya gyara masa. Sauran suna kallo. In ya ce, "Kai wane ne?" to, ya sayi shirun shekara guda, kuma shi zai zama na ƙarshen sanin duk abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. In gyaran daidai ne, a ce na gode a gaban mutane. In ba daidai ba ne, a bayyana dalili, a kuma gode duk da haka. Tambayar "akwai mai magana?" da ake yi a ƙarshen taro, mutane sun riga sun tattara takardunsu, ba ta kawo komai. Gara a kira ƙaramin cikinsu da suna tun kafin manya su faɗi nasu ra'ayi, a ce, "Ke da kike wurin jiya, me kika gani?"

Ba za mu ɓoye muku ba cewa faɗin gaskiya wani lokaci yana da tsada. Roger Boisjoly ya yi aikin injiniya a kamfanin Morton Thiokol da ke ƙera rokokin kumbon Amurka a wancan lokacin. A Yulin 1985 ya rubuta wa shugabanninsa takarda cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin na iya jawo asarar rayuka. A daren 27 ga Janairu 1986 shi da abokan aikinsa suka nace kada a harba kumbon Challenger cikin tsananin sanyin da ake ciki. Manajoji suka yanke akasin haka. Washegari, daƙiƙa 73 bayan tashi, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Boisjoly ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike, abokan aiki suka juya masa baya, ƙarshe ya bar kamfanin. Ya yi magana sarai, a kan lokaci, a rubuce, duk da haka ba a ji ba. Abin da takardarsa ta yi shi ne ta hana a ce ba wanda ya sani, ta kuma taimaka aka gano abin da za a gyara kafin a sake harba wani kumbon a 1988.

Wannan ba ya nufin kowane ƙaramin saɓani sai an tsaya kai da fata. In abin zai iya jira, a sami shugaba shi kaɗai a ofishinsa, domin gyaran da aka yi wa babba a bainar jama'a yakan sa ya kare kansa maimakon ya duba maganar. In ya saurara ya yanke abin da ba ka so, kuma ba rai ko amana ko doka a ciki, ka yi abin da ya ce da zuciya ɗaya, shi ke da alhakin. Amma in allura ce za a yi yanzu, ko mota ce za ta tashi da birkin da ka san ya lalace, ko takardar ƙarya ce aka miƙo maka ka sa hannu, nan take ake magana, a gaban duk wanda ke wurin, kuma in ba a ji ba a sake faɗa.

Irin wannan magana ba ta zuwa wa mutum farat ɗaya ranar da ya bukace ta, sai ya saba da ita a ƙananan abubuwa. Muna ba da shawara a fara tun a nan. Firifet da zai sauka ya rubuta wa magajinsa shafi guda: makullai nawa ya karɓa, nawa ya miƙa, wace famfo ce ta lalace, wa aka gaya wa kuma yaushe. Monita in an aike shi ya maimaita saƙon kafin ya fita. A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuma, malami ya sanar tun ranar farko ta zango cewa duk ɗalibin da ya ji warin gas ko ya ga an ɗauko kwalbar da ba ita ba yana da izinin cewa "a tsaya" da babbar murya, ko da shi malamin ne ke riƙe da kwalbar.